Mai lambun Friar Park: yadda George Harrison ya haɗa albam ɗinsa na 1979

Ruwa ake ta tsugawa ranar, irin ruwan Ingila ɗin nan da sai ya yini yana zuba gari ya yi duhu tun kafin la'asar, shi kuma yana rakuɓe cikin wata 'yar bukka a lambun gidansa yana jiran ya tsagaita, ga rufin babban gida na yoyo, ga rai a jagule ba tare da wani ya taɓa shi ba. Mutum ne da duniya ta sani da jita a hannu, amma ya daɗe bai rubuta waƙa ko ɗaya ba, har ya fara tsoron ko rijiyar ce ta ƙafe gaba ɗaya. Yana zaune a nan ne, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya a littafinsa, sai tunani ya zo masa, wai shi me ya kai shi barin hadari ya canza masa hali, ai haushin nan shi ya ɗauko ya ɗora wa kansa kuma shi zai iya saukewa. Daga nan waƙar Blow Away ta fito, ita ce kuma ta buɗe ƙofar albam ɗin da ya saki a watan Fabrairun 1979, wanda bai ma wahalar da kansa neman suna ba, sunansa kawai ya sa masa, George Harrison.

Shekararsa 36 ne kacal a watan da albam ɗin ya fito amma a harkar kiɗa tsohon hannu ne na gaske, don tun yana wajen shekara 15 ya shiga ƙungiyar su John Lennon da Paul McCartney a 1958, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama Beatles. A Liverpool aka haife shi ranar 25 ga Fabrairun 1943, ɗan direban bas, gidansu ɗan ƙarami ne ban ɗaki ma a waje yake. Shi ne autan ƙungiyar, kuma haka suka ɗauke shi har aka rabu, ka san halin manya da ƙaramin da suka gani da gajeren wando, ko ya yi gemu yaro ne a idonsu. Galibi waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi a albam, sauran Lennon da McCartney su cinye. Kuma shi ne ya fi kowa gajiya da ihun 'yan kallo, lokacin da suka yi wasansu na ƙarshe na zagaye a San Francisco a watan Agustan 1966 babu wanda ya kai shi jin an sauke masa kaya. Wani abu da ya kamata a riƙe tun nan, fitacciyar waƙarsa Here Comes the Sun ta 1969 ma a lambu ya rubuta ta, lambun abokinsa Eric Clapton da ke Surrey, ranar da ya gudu daga mitin ɗin akantoci a ofishin kamfaninsu na Apple. Wato dama can mutumin in ofis ya ishe shi cikin ganye yake gudu.

A watan Janairun 1970, Beatles na kan gargarar rabuwa, ya sayi Friar Park a garin Henley-on-Thames, wani ƙaramin gari a bakin kogin Thames cikin yankin Oxfordshire, yamma da Landan, garin da aka sani da gasar tseren kwale-kwale duk shekara. Kuɗin da ake faɗa wajen fam 140,000 ne. Gidan nan sai an ɗan tsaya a kansa don ba a fahimtar albam ɗin sai da shi. Wani lauya mai kuɗi kuma mai abin mamaki, Sir Frank Crisp, shi ya sayi filin a 1889 ya gina katafaren gida da ake yawan cewa ɗaki 120 ne da shi, ya haƙa tafkuna, ya yi koguna a ƙarƙashin ƙasa da ake shiga da kwale-kwale, ya sa aka jido duwatsu aka gina masa kwaikwayon dutsen Matterhorn na Siwizalan a cikin lambu, ya bi bango yana sa ana sassaƙa karin magana da barkwanci, ya watsa mutum-mutumin wadanni ko ina. Ya mutu a 1919. Daga baya gidan ya koma hannun sistocin Katolika suka yi makaranta a ciki, kuɗin kula da shi ya fi ƙarfinsu, ciyawa da ƙaya suka cinye lambun, tafki ya zama juji, har ana maganar rushe shi. A haka Harrison ya same shi yana ɗan shekara 26, ana ma cewa sai da ya sa awaki suka cinye masa sarƙaƙiyar da ta rufe dutsen kafin a ga me ke ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin bangon albam ɗinsa All Things Must Pass na ƙarshen 1970 ya ga wurin, shi ne zaune a kan kujera tsakiyar ciyawa da dogon takalmin roba na manoma, wadanni huɗu kwance kewaye da shi.

To amma shekarun farko ba zaman lambu aka yi ba, zaman rigima aka yi. All Things Must Pass ya yi kasuwa sosai, ya kai lamba ɗaya, a 1971 ya haɗa wasan tara wa 'yan gudun hijirar Bangladesh kuɗi a New York tare da malaminsa Ravi Shankar, kowa na yabo. Daga nan ƙasa ta fara zamewa. Albam ɗin 1973 mutane suka ce wa'azi ya yi yawa, don ya shiga addinin Hindu na 'yan Hare Krishna da ƙafa biyu kuma ba ya ɓoyewa. A 1974 matarsa Pattie Boyd ta bar shi ta koma wurin Eric Clapton ɗin nan dai mai lambu, shi kuma ya fita zagayen wasa 45 a Amurka da Kanada da murya a dishe, maƙogwaro ya kama, jaridu suka yi masa ca, 'yan kallo na son tsofaffin waƙoƙin Beatles shi yana ba su kiɗan Indiya. 1976 kuwa ba a magana, ciwon hanta ya kwantar da shi, kamfanin A&M ya maka shi kotu kan jinkirin kawo albam har ya tattara ya koma Warner Bros, sannan ga babbar, wata kotu a New York ƙarƙashin alƙali Richard Owen ta yanke cewa waƙarsa My Sweet Lord ta kwaikwayi karin wata tsohuwar waƙa He's So Fine, alƙalin ya ce ba da gangan ya yi ba, karin ne ya maƙale masa a kai bai sani ba, amma a doka sata sunanta sata.

Wannan hukuncin ni a ganina shi ne ainihin ciwon, ba sakin aure ba, ba dishewar murya ba. Ka yi tunanin a ce maka kanka da kansa yana iya ɗauko kayan wani ya miƙo maka a matsayin naka kai ba ka sani ba. Ya faɗa a hira cewa akwai lokacin da ko jita ko fiyano ba ya son taɓawa, tsoro yake kar ya taɓa sautin wani. Makaɗin da ke tsoron tsirkiyarsa ai an gama da shi. Shi ya sa 1977 gaba ɗaya ya ajiye, ba albam, ba rubutu, sai lambu da yawo da sabuwar abokiyar zamansa Olivia Arias, 'yar Kalifoniya mai asalin Meziko da ya haɗu da ita tana aiki a ofishin kamfanin waƙarsa a Los Angeles, sai kuma bin tseren motoci na Formula 1 ƙasa ƙasa, abin da yake so tun yana yaro.

Nan ne lamarin ya ɗauki wani salo da ban dariya. Direbobin tseren da ya zama abokinsu, su Jackie Stewart da Niki Lauda da Emerson Fittipaldi da Jody Scheckter, kullum tambayarsa ake yaushe za ka yi sabuwar waƙa, shi kuma ba shi da amsa. Niki Lauda kuwa mutum ne da mota ta kama da wuta da shi a Nürburgring ta Jamus a watan Agustan 1976, fuska ta ƙone, an fitar da rai, bayan sati shida ya dawo ya shiga mota, a 1977 ya cinye gasar duniya. In kana zaune kusa da irin wannan kana cewa kai kotu ta sa kana tsoron jita ai kai ma ka ji kunya. Harrison ya ce yana so ya yi waƙa mai sauƙi da waɗannan mutanen za su ji su ji daɗi, ba wadda sai an zauna an yi tafsiri ba. Don haka sauƙin da ake ji a albam ɗin ba kasala ba ce, niyya ce aka ɗaura.

A farkon 1978 ya tafi tsibirin Maui na Hawaii da Olivia, can wajen wani ƙauye mai suna Hana, ya rubuto wasu waƙoƙin a can, ya dawo gida aka shiga aiki. Kuma a gida aka yi shi, abin da nake ganin ya fi komai tasiri kenan. Tun farkon shekarun 1970 ya gina situdiyo a saman benen Friar Park, ba mai ƙirga masa awa, ba mai jiran ya fita wani ya shigo, in ya leƙa taga bishiyoyinsa yake gani. Daga bazara zuwa kaka na 1978 aka ɗauka, shi da furodusa Russ Titelman na Warner suka haɗa hannu, Andy Newmark a ganga, Willie Weeks a jitar bes, Neil Larsen a fiyano, Steve Winwood ya zo ya taya da na'urar kiɗa da amshi, Ray Cooper a ƙananan kayan kaɗawa, kuma wa ya kaɗa jitar buɗe waƙar farko, Love Comes to Everyone? Eric Clapton. Eh shi ɗin dai, wanda Pattie ta koma wurinsa, kuma 'yan makonni bayan albam ɗin ya fito suka yi aure Harrison ya je liyafar har ya hau dandali ya yi kiɗa. Turawa da nasu kalar haƙurin wallahi, ni dai ban ce komai ba.

A cikin watannin ɗaukar nan rayuwa ba ta tsaya jira ba. Mahaifinsa ya rasu a watan Mayu. Ranar 1 ga Agusta Olivia ta haifi ɗansu Dhani, ɗansa na fari kuma shi kaɗai. A watan Satumba suka ɗaura aure a ofishin rajista na Henley ba gayya ba 'yan jarida. Kuma a shekarar ce ya yi wata kasada da har yau ake ba da labarinta, abokansa 'yan wasan barkwanci na Monty Python za su yi fim ɗin Life of Brian sai kamfanin EMI ya janye kuɗinsa ana dab da fara ɗauka saboda tsoron rigimar addini da fim ɗin zai jawo, kuma ya jawo ɗin, Harrison ya ɗauki gidan nan da ya shekara takwas yana gyarawa ya jinginar a banki ya haɗa musu wajen dala miliyan 4, wai don yana son ya kalli fim ɗin. Wato lokacin da yake rera waƙoƙin kwanciyar hankali a saman bene, takardun gidan suna hannun banki.

Yanzu ga abin da ke cikin faifan, waƙa goma ne. In ka zo neman ƙauye a baitoci ba za ka samu ba, ba saniya ba garma ba girbi, ba wani kirarin karkara. Abin da za ka samu yanayi ne, ruwa, iska, hadari, rana, wata, sanyi da zafi. Mutumin da ke zaune a birni yanayi ba ruwansa da shi sai in zai ɗauki lema, amma mai shuka kullum idonsa na sama, kuma ta wannan ƙofar karkara ta shigo albam ɗin. Blow Away ta fara da gari ya yi baƙi gida na yoyo, jita na kuka a hankali, can sai amshi ya buɗe kamar yadda hadari ke yayewa rana ta leƙo, amshin kuwa mai sauƙi ne har ya so ya zama na yara, shi kansa ya ce da farko ya ɗan ji nauyin yadda ta fito a fili haka. Na fara jinta ne wani dare da damina da iyafis a kunne ina jiran ruwa ya ɗauke, sai da na maimaita ta sau uku kafin na lura ashe abin da ke riƙe ni ba amshin ba ne, jitar da ke bayansa ce.

Jitar nan tana buƙatar bayani. Akwai salon da ake zura ɗan bututun ƙarfe ko gilashi a yatsa, maimakon a danne tsirkiya sai a riƙa zame shi a kanta, sautin ya riƙa ja yana lanƙwasa, kusan yadda goge ko kukuma ke yi in makaɗi ya ja. Asalin salon na baƙaƙen fatan kudancin Amurka ne masu kiɗan bulus da kuma 'yan Hawaii, Harrison bai fara shi sosai ba sai ƙarshen 1969, amma da yake ya yi shekaru yana koyon sitar, wani abin kiɗan Indiya mai tsirkiyoyi da dogon wuya, a hannun Ravi Shankar tun 1966, sai nasa ya fito daban, ba kaushi, ba gaggawa, yana bi ta tsakanin sautuka irin na kiɗan Indiya, sau da yawa ma layi biyu yake ɗorawa suna tafiya tare. A wannan albam ɗin ba inda ya tsaya nuna bajinta, babu solo mai tsawo, ɗan guntu ne zai saka inda ya dace ya janye. Waƙar da ta fi nuna haka Your Love Is Forever, wadda ni a wurina ita ce sarauniyar faifan, ya sauya ɗaurin tsirkiyoyin ya samo wani kari mai faɗi mai amo kamar ana kaɗawa a cikin babban ɗaki, karin ya riga baitin zuwa da daɗewa, da baitin ya zo kuma sai ya zo da lokutan shekara, bazara ta zo ta wuce, hunturu ya zo ya wuce, ƙauna ɗaya ce ba ta wucewa. Matar yake nufi ko abin bautarsa, bai fayyace ba. A 1973 da ya fayyace har da suna, a nan ya bar wa mai saurare, kuma shi ya sa masu cewa ya cika wa'azi suka rasa abin kamawa.

Here Comes the Moon ƙanwar waccan ta 1969 ce, a Hawaii ya rubuta ta yana kallon rana na faɗuwa wata na fitowa, a hankali take kamar mai gyangyaɗi, wasu na cewa ta yi sanyi da yawa, ni ma wani lokacin nakan tsallake ta. Dark Sweet Lady ta Olivia ce, da jita irin ta Sifaniyawa. Soft-Hearted Hana kuwa labarin wani naman kaza mai bugarwa ne da ya ci a can Hana ya ga abubuwa, kar wani ya ɗauka waliyyi muke magana a kai.

Biyu ne suka fita daga layi kuma su suka fi ba ni sha'awa a matsayin nazari. Ta farko Not Guilty. Tun 1968 ya rubuta ta lokacin da rigima ta yi tsami a Beatles, ƙorafi ne zalla kan yadda ake danne shi da yadda aka ɗora masa laifin kai su Indiya wurin wani malamin koyar da nutsuwar zuciya da ake kira Maharishi, suka ɗauke ta sau 102 a situdiyo sannan aka cire ta daga albam, bata fito ba sai a 1996. Waccan ta asali da jitar lantarki mai cizo take, kana ji ka san mai ita a fusace yake. Bayan shekara goma ya tono ta ya sake ɗauka, baitocin kusan duk suna nan, amma ya mayar da ita kan jitar katako da fiyano mai laushi, murya ƙasa ƙasa kamar mai ba da labarin faɗan da aka yi tun yana saurayi. In mutum na son ya ji me zaman Friar Park ya yi wa mutumin nan, ya saurari biyun a jere, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ta biyu Faster, waƙar 'yan tsere, ta fara da rurin injinan mota na gaske, ya ɗauko sunan daga littafin Jackie Stewart, ya sadaukar da ita ga 'yan Formula 1 da tunawa da Ronnie Peterson da ya mutu bayan hatsari a tseren Monza ta Italiya a watan Satumban 1978, kuɗin faifanta kuma ya ba gidauniyar yaƙi da cutar daji ta Gunnar Nilsson, wani direban Suwidin da cutar ta kashe a shekarar. Mai gudun hayaniya sai ga shi da waƙar inji a tsakiyar albam ɗin ganye. Amma in ka saurara da kyau maganar dai ɗaya ce, mutum ne da kowa ke kallo, kowa na jiran ya faɗi.

To a nan zan ɗan yi gardama da masu cewa albam ɗin rayuwar karkara ne kawai su yi shiru. Mu in an ce lambu tumatir da albasa da latas muke gani a fadama, mutum da injin ban ruwa yana lissafin kuɗin mai da na taki. Nasa lambun ba abin sayarwa a ciki, furanni ne da bishiyoyi da tafki a fili sama da eka 30, da ma'aikata ana biyansu albashi, har yayyensa maza biyu sun dawo suna taya shi kula da wurin. Karkarar mai kuɗi ce, ruwa in ya yi yawa ransa ne zai ɓaci ba rumbunsa ba. Amma kuma ba adalci ba ne a ce wasa yake, duk wanda ya san shi ya shaida da hannunsa yake haƙa yake dasawa, yini guda cikin taɓo, ya san sunayen tsirrai, kuma da ya fitar da littafinsa I Me Mine a 1980 bai sadaukar da shi ga mawaƙa ko masoya ba, ga masu lambu na ko ina ya sadaukar. A ciki ya ce shi mutum ne mai sauƙi, ba ya son zama cikin harkar waƙa dare da rana, shi mai lambu ne, ya shuka fure ya zauna ya ga ya girma. Littafin dai bugun farko kwafi 2,000 ne kacal, ɗinkin hannu, fam 148 kowanne, to ka ga irin mai lambun.

Sai kuma lokacin da ya zaɓa ya fito, wanda ba zai yi muni fiye da haka ba. Hunturun 1978 zuwa 1979 Birtaniya a birkice take, yajin aiki ko ina a ƙarƙashin gwamnatin James Callaghan, direbobin manyan motoci sun ajiye, masu kwashe shara sun ajiye har bola ta taru a dandalin Leicester da ke tsakiyar Landan, a Liverpool garinsu shi Harrison ɗin masu haƙa kabari ma sun shiga yajin gawawwaki na jira, watan Mayu Margaret Thatcher ta hau. Matasa kuwa kiɗan tawaye mai hayaniya da ake kira punk na su Sex Pistols ya riga ya koya musu cewa duk tsohon tauraro mai katafaren gida abokin gaba ne, gidajen rawa kuma disko ake yi, su Bee Gees ke cin kasuwa. A cikin wannan ne wani attajiri ya leƙo daga bayan katanga yana cewa a yi murmushi hadari zai wuce. Sakamako bai ba da mamaki ba, a Birtaniya albam ɗin lamba 39 ya tsaya, Blow Away lamba 51. A Amurka da ba ta cikin wannan ƙuncin ya kai lamba 14, ya samu shaidar zinare ta sayar da kwafi 500,000, Blow Away ta kai 16, a Kanada ma ta shiga goman farko. Masu sharhi da dama sun ce tun All Things Must Pass bai yi kamarsa ba.

Da ya bi shi da zagayen wasa da ya fi haka nisa, amma ina, 1974 ta riga ta yi masa tabo, 'yan hirarraki ya yi, ya ɗauki bidiyo, ya leƙa tseren Burazil, ya koma gida. Bai sake fita zagaye ba sai Disamban 1991 a Japan, shi ma Clapton ne ya lallashe shi ya ba shi aron ƙungiyarsa. Kamfani kuwa ba ya cin yabo, da ya kai musu albam na gaba a 1980 Warner suka mayar masa suka ce ba abin da rediyo zai ɗauka, sai da ya cire waƙa huɗu ya sauya. Na 1982, Gone Troppo, ko talla bai yi masa ba ya nutse shiru, daga nan ya yi shekara biyar bai saki albam ba sai fim da shuka, kafin Cloud Nine ya dawo da shi a 1987 har da waƙa mai lamba ɗaya a Amurka.

Katangar ma ba ta tsare komai da komai ba. Bayan an harbe Lennon a New York ranar 8 ga Disamban 1980 ya ƙara tsaro ya ƙara janyewa daga mutane, duk da haka a daren 30 ga Disamban 1999 wani mai taɓin hankali ya fasa ya shiga har cikin gidan ya daddaɓa masa wuƙa, Olivia ce ta cece shi da fitilar tebur da ƙarfen murhu. Cutar daji ce ta ƙarasa shi ranar 29 ga Nuwamban 2001 a Los Angeles yana da shekara 58.

Dhani, jaririn da aka haifa ana tsakiyar ɗaukar albam ɗin, ya ce shi yana ƙarami ya ɗauka babansa mai lambu ne kawai, sai da yara a makaranta suka fara binsa suna rera masa wata waƙar Beatles ya dawo gida yana tambaya me ya sa ba a taɓa faɗa masa ba. Ya kuma ce uban yakan kai tsakar dare a waje, ya tsaya cikin farin wata yana ƙanƙance ido yana kallon lambun, don a wannan hasken ciyawar da ba a cire ba ba ta fitowa, sai siffar bishiyoyi da inuwarsu, a haka yake iya ganin wurin yadda zai zama in an gama.